Malama da alli a hannu, bindiga a ƙugu

Tun da majalisar dokokin jihar Tennessee ta Amurka ta yarje wa malamai su riƙa shiga aji da bindiga a ɓoye, Gwamna Bill Lee ya sa hannu a Afrilun 2024, abin ke ci mini rai. Amsar da aka bai wa iyayen yara uku 'yan shekara 9 da aka harbe tare da manya uku a makarantar Covenant ta Nashville a 2023 ke nan. Horon sa'a 40 dokar ta shar'anta, kuma ta hana iyaye sanin ko malamar ɗansu na ɗauke da makami.

Tun bayan kisan da aka yi a makarantar firamare ta Sandy Hook a 2012, ƙungiyar NRA mai fafutukar 'yancin mallakar bindiga da magoya bayanta waƙa ɗaya suke rerawa, wai mugu mai bindiga ba ya tsayawa sai ya gamu da nagari mai bindiga. To, a je garin Uvalde na jihar Texas a tambaya. Ranar 24 ga Mayun 2022 jami'an tsaro 376 suka cika makarantar firamare ta Robb, kowa da makaminsa, amma sai bayan minti 77 aka kutsa ajin. Yara 19 da malamai 2 suka rasu. A wata makarantar sakandare da ke Parkland a jihar Florida a 2018, ɗan sandan da ke gadin makarantar ya toge a waje da bindigarsa, aka kashe mutum 17. Abin da ya gagari waɗanda aikinsu ke nan, shi za a ɗora wa malamar lissafi, ta ɗaga bindiga a cikin aji cike da yara masu kururuwa, wataƙila ma maharin tsohon ɗalibinta ne?

Jami'o'i ma ba su tsira ba. Dokar Texas mai ba da damar shiga jami'ar gwamnati da bindiga ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2016, daidai cikar shekara 50 da harbin da aka yi daga hasumiyar jami'ar Texas da ke Austin. Fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a Amurka, kansu suka harbe. Haka kawai a kusanto da ita ga matasa masu fama da damuwar jarrabawa da shaye-shaye.

Masu fakewa da 'yancin mallakar makami da ke cikin tsarin mulki kuwa, Kotun Ƙoli da kanta ta faɗa a shari'ar Heller ta 2008 kan 'yancin mallakar bindiga cewa hukuncinta bai taɓa dokokin hana makami a makarantu ba.

A fara da shagon sayar da bindiga, a ɗaga shekarun saye zuwa 21. Maharin Uvalde yana cika 18 ya je ya sayi bindigoginsa biyu, babu dokar da ya karya.