Lambobin na hukuma ne, takardar kuwa ba tata ba ce

Wata magana da ake yawan yi a unguwannin Nima da Mamobi na birnin Accra tana damuna. Wai duk rumfar loto ta gwamnati ce, tunda lambobi biyar ɗin da ke fitowa cikin 90 iri ɗaya ne ko'ina. Ban ga laifin mai faɗin haka ba, don lambobin kam ɗaya ne.

Sai dai dokar loto ta 2006 hukumar loto ta ƙasa, wato NLA, ta ba ikon gudanar da loto a Ghana. Masu banka-tu-banka, wato masu loton kansu, marasa lasisi aron sakamakon hukumar kawai suke yi. Yaron da ke rubuta takarda kamasho yake ci, kuɗin kuwa da yamma ake tattarawa a kai wa wani uban gida mai rumfuna da yawa, wanda ba ka taɓa ganin fuskarsa ba.

A ce mai sayar da koko ta zuba sidi biyar, lambobinta biyu suka fito. Idan cin kaɗan ne za a biya ta nan take, da haka ake riƙe mutane. Ranar da rabin unguwa suka ci lamba ɗaya, sai a wayi gari rumfa da kwaɗo. In mai kokon ta je NLA da takardar hannu, babu ita a rajistarsu.

Haramcin caca a addini kuwa, lasisi bai taɓa ɗage shi ba.