Kafin ka zaɓi yadda za a gina maka kwamin ninƙaya, ka fara sanin ƙasar gidanka

Shekara uku ke nan da yayana ya gina kwamin ninƙaya a bayan gidansa, kuma har yau idan na je na gan shi babu ruwa sai raina ya sosu. Ina wurin ranar da aka fara cika shi, yara suna ta murna a bakinsa. Damina biyu kacal ya yi ya tsage daga kusurwa har ƙasa, tsagar da yatsa ke shiga. Wanda ya yi aikin magini ne na kirki, ya gina gidaje da yawa da har yanzu suke tsaye. Sai dai ya ɗauki kwamin kamar ɗaki ne da aka nutsar a rami: ya jera bulo, ya yi fulasta, ya liƙa tayil mai kyau. Shi ya sa nake wannan rubutu, don na ga mutane suna fara zancen daga launin tayil, alhali shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a tattauna.

Mu fara da lissafin da ba a cika yi ba. Kwami mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, zurfin mita ɗaya da rabi yana cin lita 48,000 na ruwa. Lita dubu ɗaya nauyinta tan ɗaya ne, ke nan tan 48 ka ajiye a bayan ɗakin kwananka, yana danna ƙasa yana tura bango dare da rana. Abin da ya fi wannan ban tsoro shi ne ranar da ka kwashe ruwan. A ranar ƙasar da ke waje ce take turo bangon ciki, babu abin da ke tare ta. Idan kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso a lokacin, kwamin ya zama tamkar kwale-kwale, ruwa na iya ɗaga shi ya karya bututun da ke jikinsa, ko da na kankare ne. Don haka ne ƙwararru suke sa wata ƙaramar mashiga a gindinsa da ke buɗewa ruwan ƙasa ya shigo ciki maimakon ya ɗaga ginin. Duk mai aikin da ka tambaye shi wannan ya yi maka kallon bai gane ba, ka sallame shi cikin mutunci.

Ra'ayina shi ne ƙasa ce take zaɓa maka hanyar gini, kai naka biyayya. Gidan yayana a kan yumɓu yake, irin wanda ke kumbura idan ya sha ruwa, ya tsuke ya daddare idan ya bushe. Bangon bulo da ba a zura masa isasshen rodi an cika ramukansa da kankare ba, ba zai jure wannan kai-komon ba. Da an kira injiniya ya haƙa ramin gwaji ya duba irin ƙasar da nisan ruwa, da an san haka tun ba a sayi buhun siminti ko ɗaya ba. Kuɗin gwajin bai kai komai ba idan aka kwatanta da abin da gyara ya ci. Araha ba ta ado, a wannan aikin ma ba ta riƙe ruwa.

Hanyar da ta fi ƙarko, idan an yi ta yadda ya kamata, ita ce kankaren da ake fesawa da injin iska a kan ragar rodi. Dabarar ta tsufa, wani Ba'amurke mai suna Carl Akeley ne ya ƙirƙiro injin a 1907. Amfaninta shi ne daɓe da bango suna fita a dunƙule kamar kwano ɗaya, babu mahaɗa. Mahaɗar nan kuwa, inda aka zuba daɓe yau aka zo aka ɗora bango bayan mako guda, nan ne yoyo ya fi farawa. Idan dole sai an zuba kankaren da katako a matakai biyu, to a binne robar tare ruwa a tsakaninsu. Kuma kankare ba ya son gaggawa: a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, ƙarfinsa kuma sai a kwana 28 ake auna shi. Na ga inda mai gida ya matsa a gama kafin wani taro, aka yi fulasta a kan ɗanyen aiki. Da kankare kana iya samun kowace siffa da kowane zurfi, amma ka sani ka ɗauki hidima. Fatarsa tana da ƙananan ƙofofi da gansakuka ke maƙalewa, sai an riƙa goge shi da buroshi kowane mako, yana cin sinadarin tsabtace ruwa fiye da sauran, kuma bayan shekara 10 zuwa 15 fulastar tana neman sabuntawa.

Ni da za a tambaye ni abin da ya dace da yawancin gidaje, na faiba zan ce, wato wanda ake ƙera shi gaba ɗaya a masana'anta a kawo shi a mota a saka a rami. Jikinsa sumul yake, gansakuka ba ta samun wurin kamawa sosai, yana da ɗan sassauci idan ƙasa ta motsa, kuma cikin 'yan makonni an gama, ba watanni ba. Amma yana da sharuɗɗa. Faɗinsa ba ya wuce kimanin mita 5 saboda sai ya bi titi, siffarsa kuma wadda masana'anta ta zuba ce, ba taka ba. Sai ka tabbata akwai hanyar da motar ɗaga kaya za ta tsallake da shi katanga da wayoyin lantarki. Inda ake ɓata shi shi ne wajen cike bayansa. Dole a riƙa zuba tsakuwa a waje ana zuba ruwa a ciki kafaɗa da kafaɗa, don kada ɗaya ya rinjayi ɗaya bangon ya lanƙwashe. Kuma ba a kwashe masa ruwa haka kawai, don ya fi kankare sauƙin tasowa.

Na uku shi ne wanda ake kafa bangon ƙarfe ko na roba a shimfiɗa masa leda mai kauri. Shi ya fi sauƙin kuɗi a farko. Ledar ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba, abu mai tsini yana huda ta, kuma kafin shekara goma yawanci an canza ta. Ban ƙi shi ba, in dai mutum ya shiga da saninsa.

Akwai abin da duka ukun suka haɗu a kai, kuma shi ake mantawa da shi a kasafi: bututu da injin famfo da matatar ruwa. Sau da yawa yoyon da ake ɗora wa bango laifinsa daga mahaɗar bututu yake. Ka dage a gwada bututun da matsin ruwa kafin a binne su, kana tsaye. Kayan lantarki kuma, fitilar cikin ruwa da injin famfo, sai ƙwararre, tare da na'urar da ke yanke wuta nan take idan ta zurare. Ruwan kansa ana so ma'aunin tsaminsa ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8, in ba haka ba kulorin, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, ba zai yi aikinsa sosai ba, ko kuma ruwan ya riƙa cin fulasta.

Sannan shinge. Wannan ba na sassauta murya a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 300,000 ne ruwa ke ci a shekara, kuma ƙananan yara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Yaro ba ya ihu idan yana nutsewa, shiru abin yake faruwa, cikin 'yan mintuna, wani lokaci manya suna zaune kusa suna hira. A Ostiraliya doka ce a kewaye kwamin gida da shingen da bai gaza mita 1.2 ba, da ƙofa mai rufe kanta. Faransa ma tun 2003 ta wajabta kayan kariya. Shingen ya zagaye kusurwa huɗu, ya raba kwamin da ƙofar gidan kanta, ba katangar waje kaɗai ba. Idan kuɗinka bai kai ga shinge ba, ka dakata da haƙa ramin har ya kai.

Yayana yanzu ya kira injiniya, an haƙa ramin gwajin da ya kamata a haƙa tun farko. An ce sai an fasa bangon da ya tsage, a yi magudanar tsakuwa a kewaye, a saƙa rodi a fesa kankare. Na roƙe shi ya kewaye wurin tun kafin a fara aikin, domin ramin yana tara ruwan sama, kuma ƙaramar 'yarsa ta fara tafiya.