Inshorar dole ta wanda za ka buge ce

Tun jiya nake ganin masu kare wani direba da ya buge yaro, wai takardun motarsa cif suke, ƙaddara ce kawai. Cif ina? An tuntuɓi kamfanin da sunansa ke kan takardar inshorar, sun ce ba su san motar ba, ko sisinsa bai taɓa shiga hannunsu ba. Yaro na kwance da karaya a cinya, ubansa na bin dangi yana haɗa kuɗin aiki, ku kuma kuna cewa a yi wa direba uzuri. Ni kam ba zan yi masa ba.

Ai ya san abin da ya saya. Duk wanda ya tsaya a bakin ofishin rajista ya miƙa wa ɗan kamasho kuɗi, kafin ya gyara tsayuwa an dawo masa da takarda mai tambari, bai tambayi inda kamfanin yake ba, bai duba ko lambar motarsa ta shiga kundinsu ba, to ya san abin nuna wa jami'an hanya ya saya. Zuciyarsa ta gaya masa, ya yi biris da ita.

Jama'a, inshorar da ake tilasta maka kafin a yi wa motarka rajista ba taka ba ce. Ko motarka ta ƙone ƙurmus ba za ta biya ka komai ba, wannan aikin cikakkiyar inshora ne, ita kuma in ka ga dama ka yi. Ta dole ɗin, ta wanda za ka buge ce. Ta mai tsallaka titi ce, ta mai babur ce, ta mutumin da za ka murƙushe masa bayan mota yana tsaye a danja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu kuma masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Su dokar take karewa. Ka sayi ta bogi, haƙƙinsu ka ci tun kafin ka haɗu da su.

Kuma ba yau aka fara ba. Jihar Massachusetts ta Amurka ta ɗaure rajistar mota da inshora tun 1927, Ingila ta wajabta ta a 1930. Motoci sun yi yawa, ana buge mutane, a je kotu a yanke diyya, a tarar direba ba shi da abin biya. Hukunci a hannu, magani babu. Shi ya sa aka ce kowa ya zuba kaɗan tun kafin a ba shi lamba, ranar da tsautsayi ya faɗa wa ɗaya a samu inda za a ɗebo. A Jamus yau ba a yi maka rajista sai ka kawo lambar tabbaci daga kamfanin inshora, ofishi ya gan ta a kwamfuta. Ɗan kamasho ba shi da ƙofar shiga. Duk ofishin da har yanzu yake karɓar takarda ya buga hatimi ba tare da ya tabbatar ba, da hannunsa a karayar yaron nan.

Na san abin da za ku rubuto. "Kamfanonin ba sa biya." Wasu na jan ƙafa, gaskiya ne, amma mai jan ƙafa ana iya kai ƙararsa wurin hukumar da ta ba shi lasisi. Takardar bogi fa, wa za ka kai ƙara? "Ni na ƙware a tuƙi." Birki ba ya tambayar shekarunka a kan sitiyari kafin ya tsinke. Masu cewa addini ne ya hana su, ga takaful nan, wato inshorar Musulunci, tun 1979 aka kafa kamfanin farko a Sudan, yanzu ya bazu ƙasashe da dama. Wanda tsoron Allah ya hana shi inshora, ta yaya bai hana shi takardar ƙarya ba?

Wallahi abin da ya fi ci mini rai shi ne uban nan bai ma san akwai wanda ya kamata ya biya ba. Haƙuri kawai ake ta ba shi.

Af, ku masu sayen mota ta hannu ku bar takardu da sunan tsohon mai ita shekara da shekaru, ku je ku sauya. Inshorar da ke ɗauke da sunan wani na iya ƙin amsa ku ranar da kuka neme ta, shi kuma wanda ya sayar, ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa in motar ta yi ɓarna.