Jirgin ƙasa zuwa filin jirgin Yamai: wa zai hau shi kullum?

Duk lokacin da wani babban birni a Afirka ya buɗe sabon layin dogo, sai maganar ta taso a Yamai: mu yaushe za mu samu jirgin ƙasan da zai kwaso matafiya daga filin jirgin sama na Diori Hamani zuwa tsakiyar gari? A ganina bai kamata a kashe ko dala ɗaya a kan layin da filin jirgi kaɗai zai yi wa aiki ba. In za a shimfiɗa dogo, a yi shi don mutanen unguwanni, filin jirgin ya zama tasha ɗaya cikin tasoshinsa.

Filin jirginmu a bakin gari yake, tazararsa da tsakiyar birni wajen kilomita 10 ce. A 2019, gabanin taron Tarayyar Afirka, kamfanin Summa na Turkiyya ya sabunta shi, aka kuma buɗe babbar hanya daga can zuwa cikin gari. Wanda ya sauka, ko dai dangi na jiransa da mota, ko motar otal, ko ya ɗauki taksi. Alhajin da ya dawo daga Saudiyya da akwatuna da ruwan Zamzam, ga 'ya'ya da jikoki sun zo tarye, ba zai kama hanyar tashar jirgin ƙasa ba. Shi kuwa jirgin ƙasa, abin da ke riƙe shi mai hawa safe da yamma ne, wanda zai je aiki ya dawo.

Waɗannan masu hawan muna da su, amma a bakin titi suke tsaye. A je unguwar Talladje da ke kan hanyar filin jirgi da sanyin safiya a gani: mace da kwandon kaya a ka da goyo a baya, ɗan makaranta yana ta leƙen agogo, ƙaramar bas ɗin haya, wato faba-faba, ta zo cike maƙil, yaron mota na rataye a ƙofa yana buga ƙarfe, ta wuce ba ta tsaya ba. Wanda ya ƙagu sai ya hau kabu-kabu ya biya ninki. Abin yana ci mini rai, domin da za a yi jirgi na masu tikitin jirgin sama, ta gaban waɗannan bayin Allah zai riƙa wucewa da kujeru babu kowa.

Abuja ta gwada. A 2018 aka buɗe jirgin da ya haɗa filin Nnamdi Azikiwe da tsakiyar birni, amma bai leƙa Nyanya da Mararaba ba, inda ɗimbin ma'aikata ke kwana. Ya tsaya a 2020 lokacin korona, bai dawo aiki ba sai 2024. Dakar kuwa, wadda filin jirginta na Blaise Diagne ke da nisan wajen kilomita 50, ta fara da nata mutanen: a Disamban 2021 jirginta ya soma bi ta Pikine da Thiaroye da Rufisque zuwa Diamniadio, aka bar isa filin jirgi a zango na biyu.

Mu ma ai mun ɗanɗana. A Afrilun 2014 aka yi bikin buɗe tashar jirgin ƙasa ta Yamai, a farkon 2016 kamfanin Bolloré ya kai dogon har Doso, wajen kilomita 140. Ba a haɗa shi da garin Paraku na ƙasar Benin ba, inda layin da ya taso daga Kwatano ya tsaya, shari'a a kotunan Benin kuma ta daƙile aikin. Jirgin bai taɓa yin jigilar yau da kullum ba. Tun kafin a aza ƙarfen farko ya kamata a ce an san kayan wa da fasinjan wa zai ɗauka.

Ga kuma maganar wuta. A Agustan 2023 Najeriya ta katse lantarkin da take ba mu, kowa ya san yadda garin nan ya kwana, madatsar Kandaji kuma ba ta fara ba da wuta ba. Jirgi mai aiki da lantarki sai da wutar da ba ta ɗaukewa.

Masu goyon bayan layin suna da hujja ɗaya mai ƙarfi: Yamai na faɗaɗa da sauri, in ba a tanadi wuri yanzu ba, nan gaba sai an rushe gidaje an biya diyya mai tsada. Gaskiya ne, kuma da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. To a shata hanyar tun yau, a hana gini a kanta. Kafin kuɗin dogo su samu, a zuba manyan motocin safa masu tashi a kan lokaci, a ware musu gefensu na titi, su taso daga filin jirgi su bi ta Talladje zuwa Babbar Kasuwa, wasu su haye gada zuwa Harobanda inda jami'a take. A riƙa ƙirga masu hawa, hukumar birni ta fito da lissafin kowa ya gani. Ranar da motocin suka kasa kwashe jama'a a wannan hanya, a kira injiniyoyi su auna dogo a kanta.