Nasiha ga samarin da ke taɓa wayar fitilar kicin

Assalamu alaikum. Ƙannena na Birni, Tudun Wada, Sabon Gari da Samaru a Zariya, musamman ku da Inna ko Yaya kan ce wa "hau ka duba mana fitilar kicin", da ku nake.

Ɗauke wuta daban, kashe wuta daban. Da yawanku jira kuke NEPA ta ɗauke, sai ku taka kujera ku kama waya da hannu. Wa ya yi muku alkawarin ba za a dawo da ita ba? Wutar gida volt 230 ce, ta isa ta tsayar da zuciyar ƙato, balle a kicin inda daɓe ba ya rabuwa da danshi. Kuma gidaje da yawa yanzu ta hanya uku wuta ke shigo musu: layin Kaduna Electric, janareta, da inbatar sola. Saboda haka ka sauke birekar fitilu a akwatin wuta, in ba ka gane wacce ce ba ka sauke babbar gaba ɗaya, ka mai da cenjoba, wato makunnin sauya wuta tsakanin layi da janareta, tsakiya, ka kashe inbata. Sannan ka faɗa wa mutanen gida, kada wani yaro ya tayar da janareta kana sama. Tastarka, wato sukudireban gwajin wuta, ka fara gwada ta a soket mai wuta tun kafin ka kashe, ka tabbatar tana kamawa, sannan ka dangwala ta a kan kowace waya da ke silin, har da baƙar. In kuwa akwai warin gas, ko makunni kada ka taɓa. Rufe silinda, buɗe taga.

Kafin ka kwance komai, ɗauki hoton yadda wayoyin suke da wayarka ta hannu. A tsohon wayarin, ja ita ce layif mai ɗauke da wuta, baƙa nutural mai mayar da wutar, koriya ta ƙasa mai kare mutum daga jan wuta. A sabo, ruwan ƙasa ce layif, shuɗiya nutural, mai kore da rawaya ta ƙasa. Amma kada ka rantse da kala, don wani mai wayarin abin da ya rage masa a buhu da shi yake ƙarasa aiki.

Ga inda ake yawan tafka ɓarna. Makunni layif yake yankewa, ba nutural ba. In aka juya, fitila za ta kunnu ta mutu lafiya lau, babu wanda zai gane, alhali holda cike take da wuta ko an kashe. Ranar da ƙanwarka ta hau canza ƙwai da jiƙaƙƙen hannu, ranar za a sani. Ɗaya daga cikin alamunsa ita ce ƙwan LED da ke ɗan haske dishi-dishi ko ƙiftawa da dare bayan an kashe shi. Haka kuma a wasu gidajen, wayar da ke dawowa daga makunni baƙa ce amma wuta take ɗauka. Wanda ya tattara baƙaƙe duka ya ɗaure wuri ɗaya, yana danna makunni bireka za ta faɗi, in fis ne ya ƙone. Shi ya sa na ce a ɗauki hoto, a kuma naɗa wa wannan wayar jan salatif don na baya.

Haɗin waya kuma, don Allah ku bar murɗawa da filaya a naɗe da salatif a cusa cikin silin. Zafin kwano da rana da turirin girki suna sakin salatif, haɗin ya yi sako-sako, sako-sakon ya haifi zafi, ga katakon rufi busasshe a gefe. Kanekta mai sukuru kuɗinta bai kai na lemon kwalba ba. Fere kimanin santimita 1 na robar waya, murɗa silin tagullar su haɗe, sa a rami, ɗaure sukuru, sannan ka ɗan ja ka ji ko ta kama. Kada tagulla ta leƙo waje. In jikin fitilar ƙarfe ne, wayar ƙasa dole ta hau sukurunta.

Layin fitila waya mai kaurin 1.5mm² ake sa masa, da bireka mai amfiya 6 ko 10. In za ka saya a Sabon Gari, kankare bakin wayar da wuƙa: idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, fenti aka yi mata, ba tagulla ba ce. Araha ba ta ado. Kuma kada ka ja soket na hita ko firji daga wayar fitila don ta fi kusa, ba ta da ƙarfin ɗaukar su.

Kicin wuri ne na hayaƙi da maiƙo, ga ƙurar hunturu, don haka fitila mai murfi ta fi ƙwai tsirara a holda. LED mai wat 12 zuwa 18 ya ishi matsakaicin kicin, farin haske mai lamba 6500K ya fi nuna tsakuwa a shinkafa. Kada ka kafa ta daidai saman murhu. Duba holdarka kafin ka je kasuwa, mai fin ce ko mai murɗawa. Nauyin fitila kuma ba a bar wa waya shi: a silin roba nemi katakon da ke sama ka ɗaura sukuru, a POP yanka rami daidai awon da ke jikin kwali. Mai cire tsohuwar doguwar fitila ya sa ta LED, ya karanta zanen da ke kwalin, don yawancinsu sai an cire cok da sitata, wato na'urorin da ke tayar da tsohuwar fitilar, kuma wasu gefe ɗaya suke karɓar wuta, wasu gefe biyu.

Ka gama, ka rufe komai, sannan ka ɗaga bireka ka kunna. Bar ta minti 15 kana saurare. Ƙara kamar ta soya, warin roba, ko makunni mai ɗumi, duk alamar sako-sakon haɗi ne, sauke bireka ka sake dubawa. In kuwa ka tarar robar waya na farfashewa a hannu, ko ɓera ya ci ta, ko ruwan damina ya jiƙa silin, ko bireka na ta faɗuwa, wannan ya wuce canjin fitila. Bar layin a kashe, ka kira ƙwararren mai wayarin ya bi shi tun daga akwati.