Mutum 60 cikin 100 ba rinjaye ba ne?

Labarin makarantun jihar Idaho ta Amurka ya ɗaure min kai. Rufin aji na yoyo, an jera bokitai tsakanin bencina, hukumar makarantun gunduma na son cin bashi ta gyara, an kaɗa ƙuri'a, mutum 60 cikin 100 sun amince, amma a ce sai an kai kashi biyu bisa uku! Kenan mai cewa a'a ɗaya ya danne mutum biyu. Gaskiya masu gidaje ke biyan bashin ta harajin kadara, shekara da shekaru, dole su yi ƙorafi. To amma ai jihar Kalifoniya ta sauke nata adadin ƙuri'un da ake buƙata zuwa kashi 55 cikin 100 tun 2000, bisa sharaɗin kwamitin jama'a ya riƙa bin diddigin kuɗin, kuma ba a taɓa su wajen albashin malamai. Su Idaho me suke jira?