Bidiyo ɗaya, siffa barkatai

Wai shin wane ne ya yanke hukuncin cewa bidiyo ɗaya ba zai wadatar da intanet ba? Mutum ya raba dare yana motsa rubutu da zane a bidiyon minti ɗaya, wato hotuna 1,800 idan ana jera 30 a kowace daƙiƙa, ya fitar da shi a kwance a ma'aunin faɗi da tsayi na 16:9, sai a ce masa wannan dandalin sada zumuntar a tsaye yake so, 9:16, wancan kuma murabba'i, wani can ya kafe a kan 4:5. Da zarar ka miƙar da shi tsaye, tambarin da ka ajiye a gefe ya faɗa waje, fuskar mai magana ta rabu biyu, rubutun ƙasa kuma ya shige bayan maɓallan sharhi, inda ko mai idon mikiya ba zai karanta shi ba. Ka gyara, ka sake fitarwa, kwamfuta ta ɗau zafi, fankarta tana gurnani, aikin ya kai kashi 99 ya tsaya cak, yana ta alƙawarin saura daƙiƙa biyar har ka fara furfura. Ka ɗora, dandalin ya matse maka shi don rage nauyinsa, launin da ka sulalo a hankali daga shuɗi zuwa baƙi ya koma layi-layi, siraran haruffa su dagule. To, don wa aka yi wahalar daidaita kiɗa da kowane motsi, alhali sau da yawa bidiyon a bebe zai fara, mai kallo kuma ya wuce kafin daƙiƙa uku? Ana cikin haka mai aikin zai bugo waya ya ce, "Malam, aiki ya yi kyau, amma a ɗan ƙara girman tambarin a dukkansu."